Harshen Ɗakin Malamai da Ɗan'uwan da Ya Ajiye Kwalba

Daga wani malamin firamare, Ƙofar Sauri, Katsina



Mun saba cika waɗannan shafuka da maganar ƙarin girman da ya makale, da kuɗin hutu, da ajin da yara suka yi wa benci yawa. Duk waɗannan haƙƙoƙi ne da muke bin wasu, kuma ba za mu daina bi ba. Yau kuwa muna son mu taɓo wani haƙƙi da mu ake bi, wanda babu ofishin da za mu aika wa takarda a kansa, domin a bakinmu yake. Maganar ita ce abin da muke yi wa abokin aikin da ya taɓa faɗawa shan giya ko ƙwaya, Allah Ya taimake shi ya daina, ya dawo cikinmu yana neman ya miƙe.

Za mu fara da labarin wani malami da muka yi shekaru muna aiki tare. Da izininsa muka rubuta, kuma mun sauya wasu abubuwa don kada a gane shi. Duk wanda ya karanta ya fara ƙirga malaman lissafi na ƙaramar hukumar nan da yatsu don ya gano ko wane ne, to ya sani da shi muke.

Malamin nan gwani ne a aikinsa. Yaran da suka bi ta hannunsa a aji biyar da shida ba sa tsoron lissafi a jarrabawar shiga sakandare. Ya fara sha ne tun yana saurayi, lokacin da yake aiki a wani gari nesa da gida, abin ya bi shi har ya yi iyali. Kusan kowa a makarantar ya sani, amma a tsawon shekarun nan babu ɗayanmu da ya taɓa zaunar da shi ya yi masa magana fuska da fuska. A wani dogon hutu yayansa ya kai shi asibiti a Kaduna, ya yi makonni a can. Da aka koma makaranta ya dawo a rame, hannunsa na ɗan rawa idan ya riƙe alli, amma kullum shi ne kan gaba wajen sa hannu a rajista. Mutum biyu kawai ya gaya wa inda ya je. Kafin mako na uku duk makarantar ta ji.

Ba wata babbar ƙarya aka yi masa ba. Ƙananan maganganu ne a gindin bedi lokacin tara, ana shan koko da ƙosai. Wannan ya ce, "Ashe Kaduna aka kai mutumin naku?" Wancan ya ce, "To, Allah Ya sa ba tuban muzuru ba ne." Wata malama ta ce, "Hali ai zanen dutse ne." Sai a yi dariya, a buga ƙararrawa, kowa ya koma aji. Ranar da babur ɗinsa ya lalace ya makara, muka kalli juna. Da zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyu, aka ce ya koma ruwa. Da aka zo tsara adashi, aka sa shi a ƙarshe ba tare da an tambaye shi ba. Kuɗin gudummawar biki da shi ya saba tarawa aka ba wani. Idan ya shigo ɗakin malamai sai hira ta mutu, kowa ya duƙufa kan littafin da ba karantawa yake ba. Daga baya ya gaya mana cewa shirun nan ya fi masa zagi ciwo.

Magana zarar bunu ce. Abin da aka faɗa a gindin bedi, mai sayar da abinci ta ji, yaron da aka aika ɗauko alli ya ji. Wata safiya ya shiga aji ya tarar an zana kwalba a allo. Ya goge, ya rubuta kwanan wata, ya ci gaba da darasi. Sannan aka zo neman auren 'yarsa. Dangin saurayin suka zo bincike wurin ɗaya daga cikinmu, shi kuwa ya ce musu, "Mutumin kirki ne, sai dai..." Ya faɗi shan, bai faɗi dainawar ba. Aka ɗaga maganar auren, ba a sake tayar da ita ba.

A wata na goma sha huɗu da dainawarsa ya koma sha. Mu kuwa muka ce, "Ba mun faɗa ba?"

Ba mu ce harshenmu ne ya ɗura masa ba, shi ma bai ce haka ba. Ya ɗauki laifinsa a kansa. Amma da ɗayanmu ya je duba shi a gida, ga abin da ya ce: "Malam, ni na daina, ku ne ba ku daina ba. Na duba na ga ko na sha ko ban sha ba, sunana ɗaya ne a bakinku." Tun ranar maganar nan ba ta bar mu mun sake ba, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Abin da likitoci suka sani

Yawancinmu muna ɗaukar barin sha kamar barin wata hanya a bi wata: mutum ya yanke shawara, shi ke nan. A wurin likitoci ba haka abin yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sanya kamuwa da giya cikin jerin cututtuka. Wanda ya yi shekaru yana sha, ƙwaƙwalwarsa da jijiyoyinsa sun saba aiki da giyar a jiki. Ranar da ya yanke, cikin sa'o'i kaɗan jiki kan fara rawa, gumi ya karyo, barci ya ƙaurace. Wasu sukan yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, wasu kuma bayan kwana biyu ko uku hankalinsu kan gushe su riƙa ganin abin da babu. Wannan hali yana iya kisa. Shi ya sa ake gargaɗin wanda ya yi nisa kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki, ya je wurin likita. Ke nan zuwa asibitin da muka mayar abin dariya shi ne abu mafi hankali da ɗan'uwanmu ya yi.

Bayan an wuce wannan, sauran doguwar tafiya. Watanni mutum zai yi yana fama da rashin barci, da saurin fushi, da sha'awar da kan taso masa ba sallama. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan sake zamewa, kuma ta kwatanta hakan da yadda hawan jini ko asma kan tashi bayan sun lafa. Idan mai hawan jini ya sake kwanciya, cewa muke a koma wurin likita a gyara magani. Ba mu taɓa cewa dama can munafuki ne ba.

Masu wannan aiki sun kuma san abubuwan da suka fi mayar da mutum ruwa: damuwa, kaɗaici, kunya da ɓacin rai. Sun san abubuwan da ke riƙe shi: aikin da yake tashi dominsa kowace safiya, mutanen da ke zama da shi, da jin cewa har yanzu yana da daraja a idon wani. Mu auna tsegumi da wannan ma'auni. Yana mayar da wurin aiki wurin fargaba, ya raba mutum da abokan zamansa, ya tuna masa kullum cewa mutuncinsa ya zube. Babu ɗaya daga cikin ginshiƙan da yake jingine da su da harshenmu bai girgiza ba.

Ko sunan da muke kiran mutum yana da tasiri. A shekarar 2010 wani masani a Amurka, John Kelly, ya wallafa binciken da ya yi da ma'aikatan lafiya fiye da 500. An ba su labarin mara lafiya iri ɗaya, kalma ce kawai ta bambanta: a wata takardar an kira shi da sunan da ya yi daidai da "mashayi" ko "ɗan ƙwaya" a wurinmu, a ɗayar an ce mutum ne mai fama da cutar shaye-shaye. Waɗanda suka karanta ta farko sun fi karkata ga cewa laifinsa ne kuma hukunci ya dace da shi. Idan kalma ɗaya ta karkatar da ƙwararru, ina ga hedimasta ko jami'in ofishin ilimi da ya yi shekara yana jin ana kiran wani "mashayin nan"?

Abin ba nesa da mu yake ba

Wani zai ce wannan matsalar wasu wurare ce, mu nan Katsina an hana sayar da giya tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Gaskiya ne an hana, kuma mun yi maraba da hakan. Amma kowa ya san mai nema bai rasa inda zai samu ba, sai dai ya ƙara ɓoyewa. Ga kuma 'yan'uwan giya da ba su da wari. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC da ya nuna yadda abin ya yi katutu, musamman a Arewa. A watan Janairun 2019 aka fitar da sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda, ban da giya da taba. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kimanin mutum miliyan 3 ne. Ɗaya cikin kowane huɗu kuma mace ce.

Waɗannan miliyoyin ba daga wata duniya suka zo ba. Suna da iyaye da mata da maza, wasunsu kuma suna riƙe da alli. Ba ma tsammanin akwai wata babbar makaranta a birnin nan da za a ce babu malami ko ɗaya da abin bai taɓa gidansu ba. Laifi tudu ne, muna taka namu muna hango na wani.

Illar tsegumi ba ta tsaya kan wanda ake yi da shi ba. Akwai wanda ke zaune a gefe yana sauraro, yana da irin wannan damuwa a ɓoye, ko ƙanensa, ko matarsa. Da ya ga abin da aka yi wa wanda ya je asibiti, ya koyi darasi ɗaya: kada kowa ya sani. To ba zai je ba. A ƙasar nan sunan asibiti ma ya zama abin gori. A Kano idan aka ce a kai wane Dawanau, an san abin da ake nufi. Ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato, ga likitocin ƙwaƙwalwa a nan Katsina, amma mutum ya gwammace ya mutu a ɗaki da a gan shi a bakin ƙofarsu. Ba mu manta da shekarar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Kaduna da Daura da nan cikin Katsina, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa. Da yawa daga cikinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu. Ba ƙiyayya ce ta sa iyaye yin haka ba. Rashin sanin inda za su nufa ne, da kuma neman wurin da bakin mutane ba zai kai ba.

Ga malama mace kuwa abin ya fi muni. Namiji aka ce yana sha, mutuncinsa ya ragu. Mace aka ce tana shan kodin, aurenta na iya mutuwa a makon, 'ya'yanta mata su gaji sunan. Don haka take ɓoyewa har sai abin ya fi ƙarfinta. Iyayenmu mata da ke cikin wannan ƙungiya sun fi mu sanin yadda magana ke tafiya daga ɗakin malamai zuwa gidan suna da gidan biki.

Abin da addini ya koya mana

Mu da muke koyar da yara Suratul Hujurati mun san misalin da Allah Ya buga wa mai giba, na cin naman ɗan'uwansa matacce. Mun kuma san cewa giba ba ƙarya ba ce. Faɗin gaskiyar da mutum ba ya son a faɗa ne a bayan idonsa, idan kuwa ƙarya ce ta zama ƙage. Saboda haka cewa "ai gaskiya na faɗa" ba ta wanke kowa. 'Yan'uwanmu Kirista da ke cikin wannan reshe su ma suna karanta irin wannan gargaɗi a Wasiƙar Yaƙubu, inda aka kwatanta harshe da ƙaramar wutar da ke cinye daji.

Giya haramun ce, babu mai ja da wannan. Amma mu duba yadda aka bi da mai shan ta. Haramcin kansa a hankali ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, domin Mahaliccin ɗan Adam Ya san yadda sabo ke kama zuciya. Imam Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai suna Abdullahi da aka sha kawowa ana yi masa haddi saboda sha. Wata rana wani daga cikin jama'a ya la'ance shi saboda yawan kawo shin da ake yi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar makamanciyar wannan ya gargaɗi sahabbai kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Wannan fa wanda yake kan sha ne. Ina ga wanda ya bari?

Malaman tafsiri, cikinsu har da Ibn Kasir a farkon Suratu Gafir, sun kawo cewa Sayyidina Umar ya daina ganin wani mutumin Sham da ya saba zuwa wurinsa. Da ya tambaya aka ce masa giya ta ɗauke shi. Umar bai tara jama'a ya ba da labari ba. Wasiƙa ya sa aka rubuta masa da ayoyin da ke ambaton gafara da karɓar tuba da tsananin azaba, ya kuma nemi waɗanda ke wurin su yi masa addu'a. Mutumin ya yi ta maimaita karatun wasiƙar yana kuka, ya tuba. Mu a tsawon shekarun da abokinmu ya yi yana sha, ko wasiƙa ɗaya ba mu rubuta masa ba.

To, yaran fa?

Akwai ƙorafi mai nauyi da dole mu amsa. Wani zai ce: mu malamai ne, amanar 'ya'yan mutane ke hannunmu. Idan muka ce a yi shiru, ba mun rufa wa ɓarna asiri ba ke nan? Idan malami ya shiga aji a buge ya daki yaro fa?

Wannan magana gaskiya ce, kuma ba shiru muke kira a yi ba. Malamin da ya zo makaranta a buge bai kamata ya tsaya gaban yara ba ko na minti ɗaya, wanda ya gani kuma wajibi ne ya sanar da hedimasta nan take. Haƙƙin yaro yana gaba da kunyar babba. Imam Nawawi a Riyadus Salihina ya lissafa wurare shida da ya halatta a ambaci aibin mutum, daga ciki akwai kai ƙara ga wanda zai iya gyara, da yi wa wanda zai cutu gargaɗi. Amma rahoto daban, tsegumi daban. Mai rahoto yana faɗin abin da ya gani da idonsa, ga mutumin da ke da ikon ɗaukar mataki, sau ɗaya, kuma a shirye yake ya maimaita a gaban mai abin. Mai tsegumi yana faɗin abin da ya ji ko ya zata, ga wanda ba zai iya komai ba sai ƙara yaɗawa, kullum, kuma idan mai abin ya shigo sai ya yi gum.

Mu kuma lura da abin da ya faru a labarinmu. A shekarun da ɗan'uwanmu yake sha, lokacin da yara ke iya cutuwa, babu wanda ya kai rahoto, babu wanda ya yi masa nasiha. Sai da ya daina, ya zama ba shi da haɗari ga kowa, sannan bakinmu ya buɗe. Da a ce don yara muke yi, da a lokacin farko muka yi magana. Tsegumi bai taɓa kare yaro ko ɗaya ba. Abin da yake yi shi ne ya sa mai matsala ya ƙara ɓoyewa, malamin da ke ɓoyewa kuwa shi ne ya fi zama haɗari a aji.

Abin da ya shafi ƙungiya

An kafa Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, NUT, a 1931 domin kada malami ya tsaya shi kaɗai a gaban abin da ya fi ƙarfinsa. Wannan ma yana ciki. Tun a 1996 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar da kundin ƙa'idoji kan giya da ƙwaya a wurin aiki. Jigonsa shi ne a ɗauki matsalar a matsayin ta lafiya, a kiyaye sirrin ma'aikaci, kada a nuna wa wanda ya nemi magani wariya, kuma a fifita gyara a kan kora matuƙar mutum yana ba da haɗin kai. A nan gida, a watan Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, wadda ta tanadi sirrin mara lafiya da kare shi daga wariya. A wata ƙasar kuma, ƙungiyar Alcoholics Anonymous da wasu mutum biyu masu fama da giya suka fara a garin Akron na Amurka a 1935 ta bazu a duniya a kan ƙa'ida guda: abin da aka faɗa a zama, da wanda aka gani a zama, ba ya fita waje. Sun gane tun wancan lokaci cewa mutum ba ya buɗe cikinsa sai inda ya amince asirinsa zai rufu.

Saboda haka muna gabatar wa shugabannin reshe waɗannan shawarwari, da fatan a sa su cikin ajandar taro mai zuwa.

Na farko, reshe ya zaɓi mutum uku da aka shaida da riƙon amana, ɗaya daga ciki mace, waɗanda duk ɗan ƙungiya ko iyalinsa za su iya samu a asirce. Aikinsu su saurara, su nuna hanyar likita, su raka idan an buƙata. Wanda ya fitar da sirri a cikinsu a sauke shi.

Na biyu, muna roƙon shugabannin makarantu: takardar asibitin malami ta shiga fayil, kada ta kwana a kan tebur. Idan aka tambayi dalilin rashin zuwansa, "ba shi da lafiya" ta wadatar. Idan kuma aka yi masa canjin makaranta, a bar aikinsa ya gabatar da shi. Mun sha ganin labarin mutum ya riga takardar canjinsa isa sabuwar makaranta.

Na uku, a sa doka a zaurukanmu na WhatsApp cewa ba a kawo maganar lafiyar wani ko sirrin gidansa, ko da da sunan neman addu'a, sai da izininsa. Mai kula da zaure ya goge nan take. Maganar gindin bedi iska na iya ɗauke ta, amma wadda aka rubuta a waya tana nan har ranar da 'ya'yan mutum za su karanta.

Na huɗu, wanda ya dawo daga magani a bar masa ajinsa da matsayinsa a adashi da ƙungiyar gama-kai, sai idan an ga wani laifi bayyananne. Idan ana tsoron kuɗi, a kafa ƙa'idar da za ta hau kan kowa, kada a yanka wa mutum ɗaya tasa rigar.

Na biyar, reshe ya gayyato likitan ƙwaƙwalwa da jami'in sashen ba da shawara na hukumar NDLEA su yi mana bayani a ɗaya daga cikin tarukanmu, a kuma ba iyalai damar halarta. Yawancin maganganunmu rashin sani ne ke haifar da su.

Na shida ya shafi binciken aure. Wanda aka tambaya amana ce a wuyansa, ba mu ce ya yi ƙarya ba. Amma gaskiya ta zo cikakkiya. Idan za ka ce ya sha, ka ce ya daina, ka faɗi tsawon lokacin, ka faɗi yadda yake riƙe da gidansa da aikinsa yau. Rabin gaskiyar da aka zaɓo don ta yi rauni 'yar'uwar ƙarya ce. Kuma yarinyar da ake nema ba ita ta sha ba.

Bayan duk wannan akwai abin da ba ya buƙatar taro ko kuɗi. Tsegumi ba ya rayuwa sai da mai sauraro. Idan aka ɗauko maganar wanda ba ya nan, ya isa mutum ɗaya ya ce, "Malam, mu bar maganar nan, mai ita ba ya kusa." Za a ɗan ji nauyi, wataƙila a ce ka cika wa'azi. Mun gwada a 'yan watannin nan, mun ga sau da yawa akwai mutum biyu ko uku a wurin da su ma ba sa jin daɗin hirar, jira kawai suke wani ya fara.

Katsina gari ne da ke alfahari da malanta. A nan aka buɗe kwalejin horon malamai a 1922, wadda ta yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Kullum muna gaya wa iyaye cewa yaron da ya faɗi jarrabawa bana yana iya cin ta baɗi idan aka riƙe shi, kuma muna fushi da malamin da ya kira yaro daƙiƙi a gaban aji, don mun san sunan kan bi yaro har girma. Abin da muka yarda da shi a kan yaro ɗan shekara tara, mu yarda da shi a kan abokin aikinmu ɗan shekara arba'in da biyar. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ɗan'uwan da muka ba da labarinsa ya sake komawa wurin likita. Yanzu yana wata makaranta, yana cikin wata na bakwai, yana zuwa asibiti duk wata. Ba mu san abin da gobe za ta haifar ba, shi ma bai yi mana alkawarin komai ba. Da muka karanta masa wannan rubutu kafin mu miƙa, muka tambaye shi ko akwai abin da yake son a ƙara. Ya yi shiru, can ya ce a gaya wa 'yan'uwa ba tausayi yake nema ba, ba kuma yabo ba. Idan an haɗu da shi a hanya a gaisa da shi yadda ake gaisawa da kowa, a tambaye shi aiki da iyali, idan ya shigo ana hira a ci gaba da hirar.

Mun riga mun je mun nemi gafararsa, ya yafe. Waɗanda suka san suna da irin wannan bashi a wuyansu, ƙofar mai shi ba ta da nisa.

Allah Ya shirye mu baki ɗaya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma tsare mu daga sharrin harsunanmu. Amin.